FILIN MANOMA: Abokiyar Saiwa Wadda Ido Ba Ya Gani

Jama'a, ran kasuwar Charanci da ta wuce wani dattijo daga wajen Batagarawa ya tare ni a rumfar masu taki, ya yi mini wata tambaya wadda har yanzu ba ta bar raina ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ga abin da ya ɗaure mini kai. Gonata ɗaya ce, ƙasa iri ɗaya. Bara na raba ta biyu, gabas na sa gero, yamma na sa wake zalla. Da kaka na kwashe harawa ƙaf na kai wa tumaki, ko ganye ban bari ba. Bana na shuka gero duka, rana ɗaya, iri ɗaya. Tun kafin noman firi na gefen wake ya tsere wa ɗan'uwansa, da ƙuduji ya fito kuma, gabas ya fi cika. To, me waken nan ya bari a ƙasa, tun da na kwashe kome?"

Na ce, "Baba, ƙullutun nan da ke jikin saiwar wake su ne su ka bar maka taki." Ya gyaɗa kai, mu ka rabu. Amsar gaskiya ce, amma fa rabi ce. Sauran rabin shi na ke so in biya yau. Sai dai ku yi haƙuri, kafin mu dawo gonar Baba sai mun yi tafiya zuwa ƙasashen sanyi, domin a can ne abin ya fi fitowa fili.

Mu nan ba mu san fumfuna ba sai a kan ɓarna. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku, ita ke lalata gyaɗar da aka tara da danshi, burtuntunar dawa ma danginta ce, haka lemar kwaɗin da ke tsirowa a juji da damina. Abin da mu ke gani a sama 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikinta zare ne fari, siriri kamar yanar gizo, yana ratsa ƙasa ko'ina. Ba ta da koren ganye, sabo da haka ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda tsiro ke yi. Tilas ta ci ruɓaɓɓen abu, ko ta yi sata a jikin mai rai, ko kuwa ta yi ciniki. Masu cinikin nan su mu ke magana a kansu.

A shekarar 1885 wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya lura saiwoyin manyan itatuwan kurmin ƙasarsu duk a lulluɓe su ke da zaren fumfuna, ga shi kuwa itatuwan lafiyarsu lau. Ya ce wannan ba cuta ba ce, zaman taimakon juna ne. Ya raɗa wa abin suna maikoraiza, watau saiwar fumfuna da harshen Girka. Mutane da yawa a lokacin ba su yarda da shi ba.

To, akwai wani dangin tsirrai da masana ke kira dangin Erika, iri wajen 4,000 a duniya. Mafi yawansu ƙananan itatuwa ne masu ƙananan ganyaye masu tauri, ba su wuce tsawon sabara ba, waɗansu ma ko gwiwa ba su kai. Wanda ya fi suna shi ne heda, wanda ya rufe tuddan Sikotilan da arewacin Ingila, in ya yi fure sai tudu duka ya koma shunayya. Kada ku ce na Turai ne kaɗai. A kusurwar Afirka ta Kudu, wajen birnin Kef, akwai Erika iri kusan 700, babu inda ya kai nan yawa. Akwai su a kan duwatsun Habasha, da Kilimanjaro, da Dutsen Kamaru, har ma a ƙwanƙolin duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, tsakiyar Sahara. Lofen katako mai tsada da Turawa ke shan taba da shi, daga kututturen saiwar ɗaya daga cikinsu a ke sassaƙa shi. A ƙasar Katsina dai babu ko ɗaya, zafinmu da ƙasarmu ba nasu ba ne.

Abin mamaki game da dangin nan shi ne wurin da su ka zaɓa su zauna. Ƙasa ce mai tsami ƙwarai, ga sanyi, ga yawan ruwa yana wanke ta. A irin wannan wuri ganyen da ya faɗi ba ya ruɓewa da wuri, sai ya yi ta taruwa shekara da shekaru ya zama baƙin dabe. Abincin tsiro yana nan a ciki jingim, amma a kulle, kamar hatsi a rumbun da aka jefar da mabuɗinsa. In ka shuka dawa ko masara a nan, yunwa za ta kashe su a kan tulin abinci.

Yaya heda ke yi? In ka tono saiwarsa za ka ga ƙarshenta siriri ne kamar gashin kai, kuma ba ta da 'yan gasun nan da sauran tsirrai ke tsotsar ruwa da su. A madubin likita za ka ga fatar saiwar 'yan ɗakuna ne jere, kowane ɗaki kuwa cike ya ke da zaren fumfuna a nannaɗe kamar gammo. Daga ɗakin zaren ya fita waje ya shiga cikin matattun ganyaye, ya zuba musu wani ruwa mai narkarwa, ya fasa su, ya kwaso naitirojin, watau sinadarin da ke cikin takin yuriya, da fosfaras, wanda ke cikin takin sufa, ya kawo cikin saiwa. Tsiron kuma ya biya shi da sukarin da ganyensa ya haɗa. Wani masani a Jami'ar Shefil ta Ingila, David Read, shi da abokan aikinsa su ne su ka tabbatar da wannan tun daga 1973. Sun raba fumfunar daban, su ka shuka heda da ita, su ka shuka wani babu ita. Sun kuma gano tana tsare tsiron daga dafin ƙarfe, shi ya sa a kan ga heda a kan jujin tsofaffin ramukan ma'adinai inda ko ciyawa ba ta yarda ta fito. Cinikin nan ya yi kama da na manomi da Bafillace da rani: shanu su sauka gona su ci kara, su bar taki. Kowa ya ba da abin da ya ke da shi da yawa, ya karɓi abin da ba shi da hanyar samu.

Ga wani labari da ya kamata kowane mai lambu ya ji. A cikin dangin akwai mai 'ya'ya shuɗɗa kamar ƙananan ɗinya, ana ce da shi bulubari. Mutanen Amurka sun daɗe suna tsinkarsa a daji, amma duk wanda ya ciro shi ya dasa a lambunsa sai ya mutu. Gata ne ya ke kashe shi. Su kan zaɓa masa ƙasa mafi kyau, su zuba taki, su barbaɗa farar ƙasa mai kashe tsami, kamar yadda su ke yi wa kabeji. Sai wani ma'aikacin gona na gwamnatinsu, Frederick Coville, ya zauna ya bi abin a hankali. A 1910 ya buga abin da ya gano: tsiron ƙasa mai tsami ya ke so, saiwarsa ba ta da gashi, kuma akwai fumfuna zaune a cikinta. Wata mace 'yar manomi a jihar New Jersey, Elizabeth White, ta karanta, ta ba shi fili a gonar ubanta, a 1916 su ka kai amfanin farko kasuwa.

A nan bari in ɗan ratse. Wani akawu abokina ya nuna mini hoton bulubari a wayarsa, ya ce ya ji yana da kuɗi, yana so ya sayo dashe ya sa a lambunsa na Ƙofar Marusa. Na ce ya riƙe kuɗinsa. A ma'aunin tsamin ƙasa, inda 7 ke tsakiya, tsiron nan yana son tsakanin 4.5 da 5.5. Lambunan bakin garinmu kuwa sun sha toka da shara da ruwan kwata shekaru da yawa, duk masu kashe tsami ne. Gaskiya ne ana nomansa a busassun wurare kamar gaɓar tekun Peru, amma sau da yawa a cikin buhuna, da ƙasar da aka haɗa musamman, da ruwan da aka gyara tsaminsa, da irin da aka zaɓa don wurin. Wannan ba aikin mai rijiya ɗaya da injin ban ruwa ɗaya ba ne. Ya sa zogale da albasa.

To, mu dawo gida. Ko da ya ke ba mu da heda, kusan kowane abin da mu ke shukawa yana da tasa abokiyar. A cikin tsirrai goma na duniya wajen takwas suna irin wannan ciniki. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, auduga, rogo, albasa, barkono, lemo, gawo, duk suna ciki. Sai dai fumfunar tamu wani iri ce daban da ta heda. Ita ba ta ƙware wajen fasa matattun ganyaye ba, gwaninta ita ce nisan kai. Ta kan shiga cikin saiwa ta yi rassa kamar 'yar bishiya a cikin ɗakunan, sa'an nan ta miƙa zare cikin ƙasa. Na fara ganinta da idona a makarantar aikin gona ta Samaru. Mu ka dafa saiwar dawa a ruwan magani har ta yi garau, mu ka rina ta da shuɗi, mu ka sa a madubi. Saiwar da na ke tsammani fanko ce, ashe gari ce guda.

Amfanin nisan kan nan sai ka san halin fosfaras za ka gane shi. Yuriya in ta narke ruwa ya kan ɗauke ta ya kai wa saiwa. Fosfaras ba haka ya ke ba, ya kan manne wa ƙwayar ƙasa, ba ya tafiya sai ƙanƙane. Saiwa ta kan cinye na kusa da ita cikin 'yan kwanaki, ta zauna a tsakiyar wurin da ta share. Zaren fumfuna shi ke wuce wannan wurin, ya tafi faɗin yatsu da yawa, ya kutsa ramukan da saiwa ba ta iya shiga. Jigawarmu ta arewacin Katsina kuwa, tun daga Rimi da Kaita har Jibiya da Mashi, babu abin da ta rasa kamar fosfaras. Shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa malaman gona ke ta kiran a sa sufa. Hidimar ba kyauta ba ce, tsiro ya kan biya har kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin da ya haɗa.

Kada a rikita wannan da ƙullutun wake da gyaɗa. Mazauna ƙullutu ƙwayoyin bakteriya ne, aikinsu kamo naitirojin daga iska. Wake yana da baƙi biyu ke nan a gidansa, kuma na ƙullutu ba ya aiki sosai sai na zare ya kawo fosfaras.

Ga sauran amsar Baba. Fumfunar nan ba ta iya rayuwa sai a jikin saiwa mai rai. Da rani ta kan kwanta a ƙasa, a cikin 'yan ƙwayayenta da guntayen tsohuwar saiwa, tana jiran ruwa. Baba ya kwashe harawa, amma bai kwashe saiwa ba. Masu bincike na tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tare da abokan aikinsu Jamusawa, sun gwada wannan a gonakin Nijar da maƙwabtanta, su ka buga sakamakon a shekarar 2000. Sun tarar hatsin da ya biyo bayan wake ko gyaɗa, fumfuna ta fi saurin kama saiwarsa tun yana ƙarami, ga ƙarin naitirojin a ƙasa, ga kuma ragin tsutsar saiwa a waɗansu wuraren. Makonnin farko kuwa su ne gero ya fi bukatar fosfaras, sa'ad da saiwarsa ba ta kai ko'ina ba. Wanda ya sami abokiya da wuri shi ke tserewa.

Saura ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, kuma nan ne labarin ya fi ban haushi. Kun san ƙwayarsa kamar ƙura ta ke, tsiro ɗaya ya kan zubar da dubu hamsin ko fiye, ta kan kuma kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsira sai ta ji ƙanshin saiwar hatsi kusa da ita, domin guzurinta bai wuce na 'yan kwanaki ba. A 1966 masana a Amurka su ka ware sinadarin da ke tashe ta, daga saiwar auduga su ka samo shi. Amma aka yi shekara kusan arba'in ana tambaya, don me tsiro zai riƙa fitar da abin da ke kiran maƙiyinsa? Sai a 2005 wani masani a Osaka ta ƙasar Japan, Kohki Akiyama, da abokan aikinsa su ka warware. Ashe ba ƙuduji tsiron ke kira ba, fumfuna ya ke kira. Sinadarin nan sallama ce ga abokiyar ciniki. Ƙuduji ɓarawo ne da ya laɓe a bayan danga ya koyi muryar mai gida.

Daga baya aka gano dawar da ke jin yunwar fosfaras da naitirojin ta fi ɗaga murya, wadda ta ƙoshi kuwa ta kan yi ƙasa-ƙasa da ita. Kun ga ke nan dalilin abin da kakanninmu su ka sani tun da daɗewa, cewa ƙuduji ciwon gajiyayyar gona ne, ba a cika ganinsa a gonar bayan gida mai shan taki ba. A wajen Marwa ta arewacin Kamaru kuma an gwada, aka ga dawar da fumfuna ta kama sosai ƙudujinta ya ragu. Ban ce ya ƙare ba, kada wani ya tafi ya ce malamin gona ya ce a daina cira.

Me manomi zai yi da wannan ilmi? Na farko dai abin da Baba ya yi ba da sani ba, a riƙa juya gona. Wake, gyaɗa, waken soya ko auduga bana, hatsi baɗi. Auduga da waken soya suna da wata riba, su kan tashi ƙwayar ƙudujin hatsi amma ba ta iya kama su, sai ta mutu a banza. Wake yana da nasa ƙudujin daban, sabo da haka shi ma kada a maimaita shi wuri ɗaya kullum.

Sa'an nan batun taki, wanda a nan ne na kan saɓa da mutane ta fuska biyu. Akwai mai cewa tun da akwai fumfuna ba sai an sa taki ba. Wannan kuskure ne. Ita ɗan aike ce, ba ta ƙirƙirar fosfaras, abin da ke ƙasa ta ke ɗebowa, in babu kuwa ta dawo hannu rabbana. Akwai kuma masu lambu da ke zuba kamfa kamar ana rabon zakka. Tsiron da ya ƙoshi fiye da kima ya kan rufe ƙofa ya kori abokiyarsa, kuɗin takin kuma rabinsa ya tafi a banza. A jigawa abin da aka gwada ya yi kyau shi ne kaɗan a wurin da ya dace: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, wajen giram 6, a kowane rami lokacin shuka, a gefe, kada ya taɓa iri, balle in ƙasa ba ta jiƙa sosai ba. Wannan ɗan abin ya kan tashi gero, bai kuwa kai ya kori fumfuna ba. A haɗa da takin gida gwargwadon mangalar da aka iya kaiwa.

Mafi yawan ƙwayayen fumfuna a taƙi ɗaya na saman ƙasa su ke, watau daidai abin da iskar bazara ke kwashewa daga gonar da aka share tas aka ƙone. Na san kara yana da kuɗi yanzu, ga dabbobi ga danga ga girki, ba zan ce a bar shi duka ba. Amma ko kashi ɗaya cikin uku aka bari kwance ya kan tare ƙasa. Haka 'yan tsiron gawo da kalgo da sabara da ke fitowa a gona, a rage musu rassa a bar su, kamar yadda manoman Maraɗi su ka kama yi tun wajen 1983. Saiwarsu tana da rai duk rani, nan fumfuna ke fakewa. Kaftun tarakta mai zurfi kowace shekara shi ma yana tsinka zaren, jigawa kuwa ba ta bukatarsa.

Masu lambu su lura da abu biyu. Kabeji da alayyafo ba su cikin masu wannan ciniki, albasa kuwa tana cikin waɗanda su ka fi dogara da shi, don saiwarta kauri gare ta, ba ta da gashi sosai. In ka maimaita kabeji a fangali ɗaya sau biyu sau uku, kada ka bi shi da albasa kai tsaye, sa masara ko wake a tsakani. Na biyu, masu renon dashen lemo a leda waɗanda ke gasa ƙasa don kashe cuta, ku sani kun kashe har da abokiya. Ku gauraya ɗan hannu na ƙasar sama daga gindin lafiyayyen itace, ba daga gonar da ke da ƙuduji ko tsutsar saiwa ba. Haka ma'aikatan daji ke yi wa dashen itacen fain irin na Afaka kusa da Kaduna, sai an ɗebo masa ƙasa daga gindin tsofaffin fain ya ke yin kirki.

'Yan kasuwa kuma ga taku. An fara shigo da ƙunshin gari ana cewa fumfunar saiwa ce ta sayarwa. Ku yi hattara kafin ku sa jarinku. Abu ne mai rai, zafin shago da na bayan mota yana kashe shi. A 2022 an buga sakamakon gwajin irin waɗannan kaya da aka sayo daga kasuwannin ƙasashe da dama, aka tarar mafi yawansu ba su kama saiwa ba ko kaɗan. Gonar da ake nomawa kuwa da ma tana da tata. Wannan daban ya ke da garin bakteriyar waken soya irin Nodumax da cibiyar IITA ta Ibadan ke yi, shi yana aiki in an ajiye shi a wuri mai sanyi, ba a kuma bar shi ya wuce lokacinsa ba.

Wanda ke so ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. Bana ware kunya ashirin a gajiyayyar gonarka, goma wake zalla, goma gero. Baɗi in Allah ya kai mu shuka gero duka, ka sa murfin kamfa a rabin kowane ɓangare, ka kafa turaku don kada ka manta. Auna tsawon geron ran noman firi da ran maimai. In ƙuduji ya fito, ƙirga na kowane ɓangare, ka cire shi tun bai zubar da fure ba, ka ƙone. Da kaka ka ɗaure damman kowane ɓangare daban, ka sussuka daban, ka auna da tiya. Malaman makaranta da akawuna su taimaki waɗanda ba su rubutu, a aiko wa Edita lissafin da sunan gari, za mu buga a wannan fili. Wanda ya san dattijon nan na Batagarawa kuma, don Allah ya karanta masa wannan, ya ce ina ba shi haƙuri a kan rabin amsa.